Littafin aiki: ƙera DH.9A mai rimot, irin jirgin da ya fara sauka Kano

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Shawara ta zauna, bana ƙaramin DH.9A mai rimot zan ƙera. Ga wanda bai san shi ba, jirgin yaƙi ne na Ingila mai fikafikai biyu, ɗaya bisa ɗaya, wanda ya fara tashi a 1918. Irinsa uku ne suka baro Helwan, kusa da Alƙahira, ranar 27 ga Oktoba, 1925, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham na runduna ta 47 ta sojan saman Ingila. Suka bi Kogin Nilu har Khartum, suka yanko yamma ta Al-Ubayyid da Fashir, suka ratsa ƙasar Chadi ta Abeche da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, suka shigo ta Maiduguri, suka sauka filin sukuwa na Kano ranar 1 ga Nuwamba, zamanin Sarki Usman na Biyu. Kusan hanyar ke nan da alhazanmu na dā ke bi da ƙafa da jakuna, wasu su yi shekaru a kanta. Waɗannan suka cinye ta cikin kwana shida. Nuwamba mai zuwa za a cika shekara 100, kuma ina so nawa ya tashi kafin lokacin.

Abokan sana'a kowa da gwaninsa. Mafi yawa Piper Cub suke so, rawayan nan na Amurka, kuma suna da hujja: fiffikensa a sama yake, ko an saki hannu yana daidaita kansa, shi ya sa da shi ake koyo. Wasu kuma Spitfire, jirgin yaƙin Ingila, ce ta tafi da zuciyarsu. Kyau kam tana da shi, amma tayoyinta a matse suke da juna, kuma idan gudu ya ragu bakin fiffikenta kan saki iska ba gargaɗi, ta kife gefe guda. A filayenmu masu kunya-kunya, wannan neman asara ne. Akwai mai roƙona in yi Air Beetle, wanda aka harhaɗa a Kaduna daga ƙaramin jirgin Amurka RV-6A don horar da sojan sama, kuma wata rana zan yi shi in Allah ya yarda. Amma shi jirgin gwangwanin alminiyam ne, in ka kwaikwaye shi da katako fenti ne kawai zai rufa maka asiri.

Abin da ya sa tsofaffin jirage irin DH.9A suka fi kwanta mini a rai shi ne, da katako da yadi da waya aka yi su. Mai ƙera ƙaraminsa ba kamanninsa kaɗai yake kwaikwaya ba, aikin da masu asalin suka yi shi yake sakewa, gaɓa bayan gaɓa. Kuma katako da yadi da waya ba baƙi ba ne a garin nan. Wani ƙarin dalili: hancinsa dogo ne, saboda injin Liberty mai silinda 12 da ƙarfin doki 400 da ke zaune a ciki. Duk wanda ya taɓa ƙera Sopwith Camel, wani tsohon jirgin yaƙi na Ingila, ya san azabar gajeren hanci, sai ka ɗura dalma kamar ba gobe kafin nauyi ya daidaita. A nan batir kaɗai zai yi wannan aikin.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Lissafi na yi wannan makon, ban taɓa wuƙa ba.

Faɗin fikafikan asalin mita 14 ne da ɗan ɗoriya, tsawon jikinsa mita 9.2. Na zaɓi kashi ɗaya bisa takwas, wato faɗi mita 1.75, tsawo mita 1.15. Ɗaya bisa shida ya fi kyan tashi, amma zai kai mita 2.3, ba zai shiga bayan mota ba, ɗakin aikina ma ba zai ɗauke shi ba. Zan yi shi yadda fikafikan kowane gefe, na sama da na ƙasa, za su fita tare a haɗe, don kada kowace fita sai an sake ɗaurin waya.

Ga inda lissafin ke da daɗi. Idan ka rage tsawo sau 8, shimfiɗar fiffike raguwa take sau 64, nauyi kuma sau 512. Shimfiɗar fikafikan asalin wajen murabba'in mita 45 ce, tawa za ta zama 0.7. Asalin da kayansa ya haura tan biyu, raba shi 512 ya ba ka kilo 4 da 'yan kai. Amma kilo 4 ya yi mini yawa, domin iska ba ta raguwa tare da jirgi, kuma ƙaramin fiffike bai kai babba iya riƙe ta ba. Ga zafinmu: iska mai zafi ba ta da kauri, sai jirgi ya ƙara gudu kafin ya ɗaga. Na sa wa kaina iyaka kilo 3.2.

Gudu kuwa ba yadda za a yi ya dace. Asalin kan yi kusan kilomita 200 a awa, kashi ɗaya bisa takwas ɗinsa 25 ke nan, alhali a lissafina nawa zai faɗo in ya yi ƙasa da 32. Iyakar abin da zan iya shi ne in matso kusa. Kowane giram da na rage, jirgin zai ƙara tafiya a natse irin ta tsohon jirgi, ba ya wuce fiu kamar jifa ba. Wannan ne ma'aunin da zan riƙa auna duk abin da zan liƙa masa.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ne, aikin sai bayan tarawihi, shi ma kaɗan.

Maganar katako. Balsa ita ce sarauniya a wannan sana'a don rashin nauyinta. Itaciya ce ta Kudancin Amurka, akasarinta daga Ekwado ake fitar da ita, kuma dangin rimi ce da kuka. Ba a samunta a kasuwanninmu, sai an yi oda, ga tsada. Na samu 'yan falle kaɗan, na keɓe su don haƙarƙarin fiffike da wutsiya, inda nauyi ya fi yin illa.

Sauran kuwa obeche ne, farin katakon nan mai laushi da ake kawowa daga kudu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, masu ƙera ƙananan jirage a Turai sun daɗe suna amfani da shi, kuma daga dazukan Afirka ta Yamma ake kai musu, Najeriya da Ghana da Kamaru. Ya ninka balsa nauyi fiye da sau biyu, amma ya fi ta ƙarfi, sai ka yanka shi siriri ka samu biyan bukata. Na je 'Yan Katako a Na'ibawa na yi ta ɗaga falanki ina aunawa a hannu, ina neman mafi sauƙin nauyi mai miƙaƙƙen zare, wanda ba gaɓa ba huda ta ƙwaro. Bambancin falanki da falanki a tsibi ɗaya yana da yawa, ya cancanci a ɓata lokaci a kai.

Dattijon da ke da injin tsaga ya dubi takardata ya ce, "Malam, milimita uku? Ai abin da zarto zai ci ya fi abin da zai bar maka."

Na ce, "Baba, haka nake so, a taimaka."

Ya canza haƙorin zarto, ya matse jagorar zarton, ya fitar mini da sanduna masu kyau, ya kuma ba ni shawarar da ta fi kuɗin aikin: in ɗaure su tsakanin falanki biyu in ajiye a inuwa har su huce, don sabon tsagi in an bar shi sake a wannan bushewar, kafin safiya ya lanƙwashe.

Asabar, 12 ga Afrilu

Fikafikai huɗu suna kan allo. Na yi samfurin haƙarƙari biyu da filawud, na jera fallen balsa a tsakaninsu, na ɗaure da dogon noti, na goge su gaba ɗaya da sanfefa don su fito iri ɗaya. Faɗin kowane fiffike daga gaba zuwa baya santimita 22.

Na daɗe ina juya maganar siffar fiffiken. Na asalin siriri ne ƙwarai, kuma cikinsa ta ƙasa ya ɗan loɓa. Masu neman sauƙi sukan yi shi mai kauri, ƙasansa a shafe, don ya ɗauki babbar sanda ya tsaya da kansa, wayoyi su zama ado. Tashi zai yi lafiya lau, amma ko daga nesa ido zai gane ba shi ba ne. Na tsaya a tsakiya, na ƙara kauri kaɗan, na bar loɓawar. Sakamakon haka sandunan ciki biyu, ta gaba da ta baya, ba za su iya ɗaukar jirgin su kaɗai ba. Dole wayoyin su yi aiki na gaskiya, kamar yadda suka yi a 1925. Wannan ya ƙara mini aiki, kuma na yarda da shi da zuciya ɗaya.

Gam fari na kafintoci nake amfani da shi a nan, ina ɗiga shi da tsinke. Sufa gulu yana saurin kamawa amma yana sa gaɓa ta yi tauri ta karye, ga shi ba ya goguwa. Gam mai haɗi biyu kuwa sai wurin inji da ƙafafu kawai, don nauyi gare shi. Zafin Afrilu yana busar da farin gam tun kafin ka gama saita sanda, don haka da asuba nake liƙi.

A bakin kowane fiffike na ɗan ɗaga gefen baya da milimita 5. Amfaninsa, in gudu ya ragu, tsakiyar fiffike ce za ta fara sakin iska kafin baki, sai jirgi ya sunkuyar da hanci a miƙe maimakon ya faɗa gefe.

Asabar, 10 ga Mayu

Gangar jiki ta tsaya. Dogayen sanduna huɗu na obeche, da gajeru a tsaye da a kwance, akwati dai mai tsukewa zuwa wutsiya. Gaba na rufe da siririn filawud har bayan kujerar mutum na biyu, baya kuma yadi ne zai rufe. Kowane murabba'i na baya na gicciya masa zaren ɗinkin takalmi na shafa gam, sai ga akwatin da ke murɗewa a hannu ya ƙi motsi, nauyin da ya ƙaru bai kai a faɗa ba.

Hotunan da suka fi taimakona na guda ɗayan da ya rage ne, mai lamba F1010, da ke gidan tarihin sojan sama a Hendon, Landan. Shi ma da tarihinsa: Jamusawa suka kama shi a Oktoban 1918, aka baje shi a Berlin, yaƙin duniya na biyu ya kai shi Poland, sai a 1977 ya koma Ingila aka gyara shi. Launinsa na lokacin yaƙi ne, ba irin na waɗanda suka zo mana ba, amma wurin zaman kowane ƙarfe da kowace ƙusa yana nan a fili.

Injin lantarki na sa, mai juya farfela inci 15, da batir mai ɗaki huɗu, volt 14.8. A gwajin benci ya ja wat 560, ya ishi kilo uku da rara. Na san masu son ƙarar injin mai za su ce an cire wa jirgin rai. Ni dai girgizar injin mai da tsiyayarsa a kan yadi da wayoyi masu yawa haka, ban ga ribarsu ba. Batirin nan kuma ba abin wasa ba ne a zafinmu: ba na barinsa cikin mota, kuma cikin tukunyar ƙasa mai yashi nake cajinsa, ina zaune kusa.

Asabar, 21 ga Yuni

Sallah da hidimarta sun ci makonni. Damina ta sauka, katako ya sha laima. Fiffiken ƙasa na hagu ya ɗan murɗe, na jiƙa shi da tururin buta, na danne a kan gilashi da littattafai, ya dawo. Wutsiya ta kammala, giram 74 ba yadi. Daga cibiyar nauyi zuwa wutsiya ya kusa ninka na zuwa hanci sau uku, don haka giram ɗaya a can baya sai an biya shi da uku a gaba.

Asabar, 26 ga Yuli

Wannan watan na ginshiƙai ne da wayoyi, kuma shi ne zuciyar aikin.

Tsakanin fiffiken sama da na ƙasa akwai ginshiƙai takwas, huɗu kowane gefe, ga wasu huɗu gajeru da ke riƙe tsakiyar fiffiken sama bisa gangar jiki. Na fere su da obeche, gaba a kumbure baya a tsuke don su yanki iska. Fiffiken sama ya ɗan riga na ƙasa zuwa gaba, kuma duka biyun suna ɗan ɗagawa zuwa baki. Kafin in huda ko rami ɗaya sai da na yi maƙalin kwali da ke riƙe komai a mazauninsa, domin in kusurwar gefe ɗaya ta fi ta ɗayan ko da digiri guda ne, jirgin zai yi ta mirginawa, ba rimot ɗin da zai raba ka da shi.

Wayoyin kashi biyu ne, kuma ya kamata mai sha'awar irin wannan jirgi ya fahimce su. Masu tashi daga ƙasa kusa da jiki su hau sama zuwa waje, su ke riƙe fikafikai lokacin da jirgi ke sama, don a lokacin iska tura su sama take yi. Masu saukowa daga sama zuwa ƙasa waje kuwa, su ke ɗaukar nauyin fikafikai in jirgi na ƙasa, ko ya dira da ƙarfi. In ta farko ta tsinke a sama, fiffike naɗewa zai yi, shi ya sa a asalin ake ninka ta biyu. Ni ma na ninka.

Wayar kamun kifi ta ƙarfe mai rigar roba na samu, nake matse bakinta da guntayen bututun tagulla. Abin ɗaure waya mai zare, wanda ake murɗawa a ƙara ko a rage tsauri, ya yi tsada a oda, ga shi ina bukatar da yawa. Wani mai gyaran keke a unguwarmu ya warware mini: ɗan notin nan da ke bakin wayar ƙafar keke, da guntun wayar mai zare. Na yanka, na lanƙwasa ƙugiya, na huda notin. Ya ɗan fi girman da ya kamata, amma yana aiki sarai.

Da na gama na ɗaga jirgin ta bakin fikafikansa biyu na girgiza, bai ce uffan ba. Sanduna sirara da za ka karya da yatsa biyu, waya ta mai da su abu guda. Mutanen da suka zana wannan tun kafin a haifi kakanninmu sun san aikinsu.

Lahadi, 17 ga Agusta

Rufi. Asalin da yadin lilin aka rufe shi, aka shafe da wani ruwa mai sa yadi ya ɗame. Ledar da ake rufe ƙananan jirage da ita yanzu sheƙi take, ba ta da saƙa, ba za ta yi kama ba. Na shiga Kantin Kwari neman shafin riga na roba mafi siranta. Ba kowanne ke tsukewa da zafi ba, don wasu an riga an gasa su tun daga masaƙa. Na karɓi ƙyalle-ƙyalle daga shaguna, na zana murabba'in santimita 10 a kan kowanne, na bi da dutsen guga, na sake aunawa. Wanda ya fi tsukewa shi na koma na saya.

Yadda nake yi: in shafa farin gam da aka tsinka da ruwa a gefunan katako, in bari ya bushe, in shimfiɗa yadi, in bi da dutsen guga mai matsakaicin zafi, gam ɗin ya narke ya kama. Sannan in ƙara zafi in bi tsakiya a hankali, ƙasa da sama bi da bi don kada gefe ɗaya ya ja ɗaya. Ƙasan fiffike, inda ya loɓa, dole a liƙa yadin a kan kowane haƙarƙari, in ba haka ba yana ɗamewa zai miƙe ya bar loɓawar. A asalin ɗinke shi ake yi da allura da zare a kan kowane haƙarƙari, a rufe ɗinkin da ƙyalle. Na yanka siraran ƙyallaye na liƙa a wuraren, su ne ke ba fiffike layukan nan da ake gani a tsofaffin hotuna.

Yanzu in ka ƙwanƙwasa shi da yatsa amo yake kamar kalangu. Sai dai ruwan Agusta ya hana ni shafa mai toshe ƙofofin yadin, don in laima ta yi yawa fari-fari yake yi. Zan jira rana.

Asabar, 13 ga Satumba

An yi fenti. Jiragen Ingila na bayan yaƙin duniya na farko ruwan azurfa ne, kuma ba don ado ba: garin alminiyam ake zubawa cikin abin shafin don ya kare yadi daga rana, wadda ke cinye shi a ƙasashe masu zafi. Wani mai fentin mota ya fesa mini, na tsaya a kansa ina roƙo, "Oga, shafi biyu sirara sun isa." Shi a sana'arsa kauri ne kyau, a tawa kuwa kauri nauyi ne. Yadi da fenti gaba ɗaya sun ci giram 340. Tambarin da'ira na yi da hannu, shuɗi a waje, fari, ja a tsakiya. A leɓen wutsiya mai juya jirgi kuma ratsi uku a tsaye, shuɗi a gaba, ja a baya, yadda tsarin yake kafin a juya shi a 1930.

Lagireton gaba, mai faɗi da ya ba jirgin fuskarsa, na yi shi da gwangwanin lemo, na bar tagoginsa a buɗe don iska ta shiga ta sanyaya inji, ta fita ta ramin kujerar matuƙi. Salansa biyu da bututun takarda. Na ƙara abubuwa biyu da aka san waɗanda suka yi aiki a Masar da Iraƙi da su: ƙaramin lagireto na biyu a ƙarƙashin hanci saboda zafi, da tayar safaya a ɗaure jikin jirgi. Wanda zai sauka a fagen da ba kowa, dole ya tafi da kayan gyaransa.

Mutum biyu na ciki da ɓargon karan dawa na sassaƙa su, irin wanda muke yin mota da shi muna yara, giram 9 su biyun. Ina sassaƙa na gaba ina tunanin Coningham. Hanyar da ya buɗe ita aka bi daga 1940, lokacin da ake sauke jiragen yaƙi a Takoradi ta Ghana, a harhaɗa su, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Masar, inda shi da kansa ya jagoranci sojan sama a yaƙin hamada. A Janairun 1948 jirgin fasinja da yake ciki ya ɓace kusa da Bermuda, ba a ga ko tarkacensa ba.

Sikeli ya ce kilo 3.35 da batir. Na haura iyakata da giram 150. Tayoyi ne masu nauyi, zan sake su da soso mai tauri da filawud.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Kilo 3.24. Na ɗora shi bisa yatsu biyu a wurin da na auna, kashi 26 cikin 100 na matsakaicin faɗin fikafikan biyu, na tura batir gaba har hanci ya ɗan sunkuya. Dalma ko ƙwaya ban sa ba.

Fili ya zama magana. Filin sukuwa, inda na asalin suka sauka, yana cikin gari kuma bai da nisa da filin jirgin Malam Aminu Kano, don haka ba zancensa. Jirage marasa matuƙi suna da doka a ƙasar nan, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ke da hurumin izini, kuma duk mai wannan sha'awa ya nemi bayani kafin ya fita. Bayan wannan akwai haƙƙin mutanen wuri. A halin da ake ciki, abu ya bayyana a sama ba sanarwa, tsoro zai jawo. Mun samu wani fako a bayan gari, muka fara zuwa gaida dagaci da jirgin a hannu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da muke so mu gwada a ƙasarka." Ya duba shi ciki da bai, ya sa aka sanar da jami'an tsaron yankin, ya haɗa mu da matasa biyu masu tsare yara. Farfela inci 15 tana iya cire yatsa.

Yau gudu a ƙasa kawai muka yi. Bayansa ba taya, sanda ce ke jan ƙasa, don haka sai iskar farfela ta bugi wutsiya yake jin juyi. In ka buɗe wuta farat ɗaya hagu yake zamewa. A hankali ake buɗewa, ana danna dama kaɗan. Na kuma fitar da eriyar na'urar karɓa ta ramin kujerar baya, nesa da wayoyi da fentin alminiyam, muka gwada nisa ta kowace fuska.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Ya tashi. Alhamdu lillahi.

Da sassafe muka je, iska ba ta motsa sosai ba. Na ba abokina da ya fi ni hannu rimot ɗin, don wanda ya ƙera abu hannunsa rawa yake ranar farko. Ya fuskantar da shi gabas, ya buɗe wuta sannu, wutsiya ta ɗaga, bai yi mita 20 ba ƙafafu suka bar ƙasa. Ya hau a miƙe. Da rabin wuta yake tafiya, a natse, rana tana ratsa yadin kana ganin inuwar haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, wayoyin suna wani siririn fito in ya wuce kusa. Don wannan tafiyar na yi ta ƙirga giram tun Fabrairu.

Abin da muka lura: in aka karkata shi da leɓɓan fikafikai kaɗai, hanci bijirewa yake zuwa ɗaya gefen kafin ya bi. Leɓen da ya sauka ya fi wanda ya hau jan iska, ga su huɗu ne a dogayen fikafikai. Halin tsofaffin jirage ne, sai an haɗa da leɓen wutsiya. Na biyu, yana ɗaga hanci in an ƙara wuta. Na uku, in an rage wuta ba ya shawagi, ginshiƙai da wayoyi suna riƙe shi, sai ya sauko da sauri. Da wuta ake saukar da shi har ƙasa.

Saukar ta yi kyau har tayar dama ta faɗa wata tsohuwar kunya da ciyawa ta rufe, ya dungura da hanci. Farfela ta karye, ƙafar baya mai riƙe tayar dama ta tsage, lagireto ya lotsa. Fikafikai ko waya ɗaya ba ta saki ba. Inji da ɗumi kawai, batir ya rage fiye da rabi bayan minti shida.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na sake ƙafafun baya biyu masu riƙe tayoyi, wannan karon da wayar ƙarfe a ciki, obeche a waje. Gatarin tayoyi na ɗaure shi da roba maimakon ƙusa, ya riƙa ɗan motsi in ya daki abu, yadda na asalin yake da igiyar roba. Na matso da shi gaba milimita 8 don rage dungure. A rimot na sa leɓɓan fikafikai su hau ninki biyu na yadda suke sauka, na haɗa musu kashi 30 na leɓen wutsiya. Inji na sa masa washa biyu ta sama ya ɗan kalli ƙasa. Lagireto ya miƙe da bayan cokali.

Muna so mu ƙara gwaji ɗaya a tsakiyar mako kafin Asabar, ranar cika shekara 100. Matasan ƙauyen sun ce za su cike kunyoyin su share tsawon mita 60. Ƙurar hunturu ta fara leƙowa da safe, kuma jirgi mai ruwan azurfa ɓacewa yake a farin sama, don haka ba za mu bar shi ya yi nisa ba. Farfelar da na yi oda ba ta iso ba. In ba ta zo zuwa Talata ba, zan ari mai inci 14 a wurin abokina in sake auna wutar da take ja.